Kalmomin Italiyanci a takardar kiɗa: dole ne sai an haddace su?

Garba_Fiyano: Assalamu alaikum 'yan'uwa, barkanmu da warhaka. Ni ma'aikaci ne, na haura shekara arba'in, kuma bana na fara koyon fiyano da yamma idan an tashi daga aiki. Notocin kansu na fara gane su, na san inda C take da inda G take a kan layukan nan biyar. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne rubutun da ake watsawa sama da ƙasan layukan: mf, cresc., rit., a tempo, D.S. al Coda, da wasu alamomin da ko sunansu ban sani ba. Malamina ya ba ni doguwar takarda cike da kalmomin Italiyanci ya ce in haddace. Ga iyali, ga aiki, ƙwaƙwalwar kuma ba irin ta ɗan makaranta ba ce. Tambayata ita ce: wannan hadda dole ce ga babba mai koyo don jin daɗin ransa, ko kunne ya wadatar? Makaɗanmu na kalangu da goge ba su san allegro ba, amma ba wanda zai ce ba su iya kiɗa ba. Masu sani a taimaka.

Ummi_Zariya: Wa alaikumus salam. Gemu ba ya hana ilimi, Malam Garba, Allah ya ba da sa'a. Ina nan ina bibiya don ni ma damuwata ke nan.

Kabiru_Sutudiyo: Yaya Garba, ka ajiye takardar nan ka kama maɓallai. Na daɗe ina buga wa mawaƙa kiɗa a sutudiyo kuma ba a taɓa miƙo mini takarda mai andante ba. Mawaƙi zai zo ya rera, ka nemo masa matakin da ya dace da muryarsa, ka sa saurin bugu a kwamfuta, 95 ne ko 110, a ɗora. Ƙarfin kowane sauti ma lamba ce daga 1 zuwa 127, ka ja ta sama ko ƙasa yadda kunnenka ya gaya maka. Wanda ya iya, kunnensa ne ya iya.

Baba_Badujala: Kabiru ɗana, abin da ka faɗa gaskiya ne a ɗakinka, inda kai kaɗai ne da kwamfuta, kuma in ka ɓata sai ka goge ka sake. Ni a badujala na yi aikina har na yi ritaya. Mutum arba'in a filin fareti, ga rana, ga manya a zaune, ba damar a tsaya a tambayi kowa abin da kunnensa ya gaya masa. Abin da ke haɗa mai ƙaho da mai ganga shi ne 'yar takardar da ke maƙale a kan kayan busarsa. In an rubuta p kowa ya sauko, in an rubuta ff kowa ya buɗe ƙirji. Tafiyar sauri wajen taku 120 ce a minti, tafiyar sannu wajen rabin haka, kuma ƙafafun sojoji ba sa jiran wanda ya ɓata.

To amma Malam Garba, ban ce ka haddace takardar nan duka ba. Waɗanda ke dawowa kullum ba su da yawa. Na ƙarfin sauti tsani ne guda: pp, p, mp, mf, f, ff, daga can ƙasa zuwa can sama. Piano ƙasa-ƙasa, forte da ƙarfi, mezzo tsaka-tsaki, ƙarin -issimo kuma yana nufin sosai. Ka riƙe waɗannan kalmomi huɗu, shidan duk sun shigo hannunka. Na sauri kuma ka fara da largo, adagio, andante, moderato, allegro, presto, a jere daga mafi nauyin tafiya zuwa mafi gudu. Sauran ka bar su sai ranar da kuka haɗu a cikin waƙa.

Ladi_Alto: Baba ya faɗi abin da nake so in faɗa, amma bari in ƙara wani abu da ya shafe mu masu jin Hausa musamman. A kwayarmu ta coci, wato ƙungiyar mawaƙa, duk sanda shugaban mawaƙa ya ga p sai ya ce "a hankali". To a hankali ɗin nan fuska biyu gare ta. Wasu su rage murya, wasu su rage gudu, yawancinmu kuma mu rage duka biyun. Kafin a kai ƙarshen baiti waƙar ta yi nauyi, numfashi ya ƙare, mai fiyano yana gaba muna baya. Sai da muka zauna muka yi yarjejeniya: in sauti ake so a rage a ce "ƙasa-ƙasa", in gudu ne a ce "sannu-sannu", a daina cewa a hankali gaba ɗaya lokacin gwaji. Haka ma crescendo. Ƙara ƙarfi ne kaɗan-kaɗan, ba ƙara gudu ba, amma jikin mutum in ya ɗaga murya sai ya so ya yi sauri. Kalmar ƙara gudu daban take, accelerando. Amfanin kalmomin ke nan a wurina, sun raba abubuwa biyu da bakinmu ya saba haɗawa.

Ummi_Zariya: Anti Ladi, wallahi kamar kin leƙo ɗakina. Malamata ma "a hankali" take cewa.

Malam_Nuhu: Ga mai son sanin dalilin da ya sa Italiyanci ne ba wani harshe ba: a ƙarni na 17 da na 18, lokacin da marubuta kiɗa suka fara sa irin wannan umarni a takarda sosai, Italiya ce cibiyar sana'ar. A can aka fara wasan opera, wato wasan kwaikwayo da ake rerawa da kiɗa, wajen shekarar 1600, a birnin Benis aka buɗe gidan opera na farko da kowa zai biya ya shiga a 1637, kuma makaɗan Italiya sun bazu a fadojin sarakunan Turai suna aiki. Sai kalmominsu suka bi su. Shi kansa fiyanon da Malam Garba ke koyo, Bartolomeo Cristofori ne ya ƙera shi a birnin Fulorans wajen 1700. Wanda ake da shi kafin nan tsinke ne ke fizgar tsirkiyar, ko ka danna da ƙarfi ko da taushi sautin kusan ɗaya ne. Shi kuma ya sa ƙananan guduma, sai hannu ya samu iko a kan ƙarfin sauti. Daga piano e forte sunan ya fito. Daga baya Jamusawa da Faransawa da dama sun koma rubuta umarni da harshensu, shi ya sa wani lokaci za ka ci karo da langsam ko lent, duka biyun sannu-sannu suke nufi.

Dan_Damagaram: Ina gaisuwa daga Nijar. Mu nan matsalarmu ba Italiyancin ba ne, shi ɗaya ne ko'ina. Sunayen notoci ne ke rikita mu da ku. A tsarin Faransanci da muka koya, do ita ce C ɗinku har abada, ré ita ce D, haka har si. Na taɓa zama da wasu mawaƙa daga Najeriya, suka ce a fara daga do, na danna do tawa, ashe su tasu do ɗin tana kan F a waƙar. Sannan nota mai bugu ɗaya mu noire muke ce mata, mai biyu blanche, mai huɗu ronde. Croche kuma rabin bugu ce a wurinmu, alhali crotchet ta Ingila bugu ɗaya ce cif. Wanda ke koyo da bidiyon ƙasashe daban-daban ya kula da wannan.

Ladi_Alto: @Dan_Damagaram haka ne ɗan'uwa, mu do ɗinmu tafiya take yi. A saman takarda ake rubuta inda ta sauka, F ko G ko wani, sauran duka su bi ta. Tsarin solfa ke nan da ya zo mana ta hannun mishan daga Ingila, wanda John Curwen ya yaɗa tun shekarun 1840 bisa aikin Sarah Glover. Mu yawancinmu ba ma karanta layuka biyar ɗin ma. Haruffa ne, d r m f s l t, da ɗigo biyu tsakanin bugu da bugu, ɗigo ɗaya ya raba bugu gida biyu, ɗan layi kuma ya ce ci gaba da riƙewa. Amma ko a takardar solfa, p da f da cresc. da D.C. suna nan a sama. Ba mu tsira ba.

Hajiya_Nas: Ni tawa shawarar ta kayan aiki ce. Malam Garba, wane irin kibod ne a gidanka? Na fara da wani ƙarami mai araha, ina ta ƙoƙarin bambanta p da f, yatsuna har ciwo suke, sautin bai motsa ba. Ashe irinsa ba ya jin nauyin hannu, duk yadda ka danna abu ɗaya zai fitar, kamar dai tsohon kayan da Malam Nuhu ya ambata. Mai shagon da ya sayar mini bai gaya mini ba, kuma na tabbata ya sani. Gwajin ba wuya: ka danna maɓalli ɗaya da ɗan taɓawa, ka sake danna shi da ƙarfi. In ba bambanci, ka duba saitin ko an kashe shi ne. In babu shi sam, to rabin kalmomin nan ba za ka iya aikata su a kai ba ko ka haddace su.

Garba_Fiyano: Na gode ƙwarai, jama'a. Hajiya, na gwada yanzu, nawa yana ji, alhamdu lillahi. Baba, tsanin nan naka ya sauƙaƙa mini. Saura D.S. al Coda. A waƙar da nake koyo, ina kaiwa wurin sai in rasa inda zan koma, kuma akwai wata alama kamar sifili da aka gicciye da layi biyu har sau biyu a shafin.

Yakubu_Ogan: Bari in bi da kai, ka ɗauko takardar da fensir. Da farko nemo wata alama kamar S a karkace, da layi ya ratsa ta da ɗigo ɗaya kowane gefe. Ita ce segno, ka zagaye ta. Sannan sifilin nan mai gicciye, na farkon yana tsakiyar waƙa, sau da yawa da rubutun To Coda kusa da shi, na biyun yana can ƙasa a farkon wani guntu da aka ware. Yanzu tafiyar: ka fara daga farko. Ka wuce segno kamar ba ka gan ta ba, ka wuce sifili na farko shi ma, har ka isa inda aka rubuta D.S. al Coda. Nan ne za ka koma kan segno, ba farkon waƙa ba. Ka sake bugowa, wannan karon da ka iso sifili na farko sai ka tsallake duk abin da ke tsakani ka dira kan na biyu, ka buga guntun ƙarshe. Shi ke nan.

In D.C. ka gani, da capo ke nan, komawa farkon waƙa ɗungurungum. In al Fine aka ce, to ba tsallake, inda aka rubuta Fine nan za ka tsaya a zagaye na biyu. Kafin ka taɓa maɓalli, ka bi hanyar da yatsa a kan takarda kana faɗa da baki. Ni har kibiya nake zanawa daga sifili zuwa sifili.

Baba_Badujala: Yakubu ya yi bayani mai kyau. Ƙari ɗaya: in ka koma ta D.C. ko D.S., ƙananan maimaicin da ke ciki, masu layi biyu da ɗigo biyu, a al'ada ba a sake yin su sai in an rubuta a yi. In akwai ƙarshe na 1 da na 2, kai tsaye na 2 za ka shiga. Wannan ya sha raba badujala gida biyu a gaban jama'a.

Sa'adatu_Malama: Wani abin da zai ƙarfafa mana gwiwa: furucin kalmomin nan ya fi sauƙi a bakin Bahaushe fiye da na Bature ɗan Ingila. Wasulansu biyar ne a rubuce kamar namu, kuma ana furta na ƙarshe. Fine fi-ne ce, gaɓa biyu. C kafin e ko i irin tamu ce ta "ci" da "ce", saboda haka dolce yadda ka gan ta haka za ka karanta, ma'anarta da zaƙi, da taushi. Accelerando ma cc ɗin irin na "acca" ne. Inda za a kula: c kafin a, o, u tana zama k, don haka koda da kantabile. Crescendo kireshendo, adagio adajo. Ɗalibaina manya sun fi riƙe kalma in sun furta ta da baki da ƙarfi.

Dan_Goge: Ni ban yarda da yadda aka fara maganar ba, cewa makaɗanmu ba su da irin wannan. Suna da shi, a takarda ne kawai babu. Na tashi a gidan kiɗa. Uban kiɗi in yana so a ƙara wuta ba sai ya yi magana ba, kafaɗa zai motsa ko ya waiga ya kalli mai ƙwarya. In zai shiga kirari kiɗa ya kwanta masa, in ya gama ya tashi. 'Yan amshi sun san inda za su karɓa tun kafin ya rufe baki. Yaro yana shekaru a bayan manya kafin ya san waɗannan, kuma ba a ce masa ya huta tunda yana da kunne. Bambancin kawai, namu sai kana tare da mai shi. Na takarda kuma wanda ya rubuta ya mutu da daɗewa, ba kafaɗar da zai motsa maka.

Kabiru_Sutudiyo: Baba, Allah ya ƙara girma, na karɓi maganar fareti. Amma har yanzu ina kan bakana game da na sauri. Me allegro ke nufi a lamba? Na duba manhajoji biyu, kowacce da abin da ta ce. In an rubuta 120 kowa ya san 120. Me ya sa ba za a bar kalmar a rubuta lamba ba?

Malam_Nuhu: Kabiru, ana rubuta lambar, tun da daɗewa ma. Johann Maelzel ya yi rajistar metronom, na'urar da ke ƙirga bugu nawa a minti, a 1815, kuma marubucin kiɗa Beethoven ya fitar da lambobin sauri na manyan kiɗe-kiɗensa a 1817. In ka ga M.M. da hoton nota da lamba, shi ke nan. Tsohon metronom mai lilo daga 40 yake zuwa 208. A jikinsa za ka ga andante wajen 76 zuwa 108, allegro daga 120 zuwa sama. Amma kalmomin sun girmi na'urar, kuma ba gudu kaɗai suke faɗa ba. Allegro asalinta fara'a ce, andante tafiyar ƙafa, grave nauyi da girma. Za ka iya buga waƙa biyu duka a 72, ɗaya ta makoki ɗaya ta reno, lamba ba za ta gaya maka bambancin ba. Sannan ɗaki mai amsa kuwwa yana sa a sassauta, lambar kuma ba ta san ɗakin ba.

Kabiru_Sutudiyo: To ai ka dawo kan kunnen da na ce tun farko, Malam.

Ladi_Alto: Kunne da takarda ba kishiyoyi ba ne, Kabiru. Amma akwai inda takarda ke cutar da mu in aka bi ta ido rufe. Waƙoƙin da aka juyo zuwa Hausa a kan karin Turawa, wani lokaci za ka ga ɗigon staccato a kan gaɓar da wasalinta dogo ne. In ka datse ta kalmar ta lalace, masu sauraro su ji wani abu daban. A irin wannan wurin muna barin ɗigon mu bi harshe. Kuma tunda na ambaci ɗigo, masu koyo su lura: ɗigo a sama ko ƙasan nota staccato ne, a gajarta. Ɗigo a gefen dama kuma ƙarin tsawo ne, rabin abin da take da shi. Abu ɗaya a ido, aiki biyu masu karo da juna.

Ummi_Zariya: Don Allah rit. fa? Da a tempo? Ni da na ga rit. sai in taka birki nan take.

Yakubu_Ogan: Ƙanwata, ritardando da rallentando rage gudu ne kaɗan-kaɗan, yadda direba mai hankali ke shigo da mota tasha, tun daga nesa yake sassautawa ba wanda ya dungura. Ki ƙirga da baki, kowane bugu ya ɗan fi na bayansa tsawo. A tempo kuma ki koma gudunki na asali. Sai dai rit. wani lokaci gajarta ritenuto ce, ita kuma nan take ake ja da baya. Marubuta masu kula sukan rubuta ritard. ko riten. don a bambanta. In rit. kawai kika gani a gaɓoɓin ƙarshen waƙa, kusan kullum ta kaɗan-kaɗan ɗin ce.

Sa'adatu_Malama: Tunda muna da yawa a nan, me zai hana mu haɗa jerin kalmomin da Hausa mu liƙa a saman zaure? Ƙananan kalmomin taimako ma kaɗai sun isa su buɗe ƙofa: poco kaɗan, poco a poco kaɗan-kaɗan, molto sosai, più ƙari, meno ragi, sempre kullum, subito nan take, ma non troppo amma kada a wuce gona da iri. Mai waɗannan zai warware dogon umarni da kansa.

Baba_Badujala: Malama, jeri don fahimta na goyi baya. Amma kada a ce za a maye gurbinsu a takarda. Na busa tare da mutanen da ba ma jin yaren juna, da muka buɗe takarda muka tashi tare muka sauka tare. Wannan ba abin yarwa ba ne.

Dan_Damagaram: Ni ma ina bayan Baba a nan. Da ni da Anti Ladi mun saɓa a kan do, amma forte ɗinmu ɗaya ne.

Hajiya_Nas: Ni kuwa ina ganin a rubuta Hausar da fensir a ƙarƙashin kowace kalma a takardar da mutum ke koyo, ba a wani jeri daban ba. Jerin da aka ba ni yana cikin durowa. Wanda na rubuta da hannuna a kan waƙar da nake so, shi ne ya zauna. Malam Garba, in malaminka jarrabawa yake shirya ka, irin ta hukumar jarrabawar kiɗa ta Ingila, ABRSM, ko ta makarantar kiɗa ta MUSON da ke Onikan a Legas, to haddar ba makawa, suna tambayar ma'anar kalmomi tun daga matakin farko. In ba haka ba, ka tambaye shi dalilin gaggawar.

Garba_Fiyano: Ban yi niyyar jarrabawa ba tukuna, Hajiya, zan yi masa maganar cikin ladabi. Malam Yakubu, na zana kibiyoyin kuma na kai ƙarshen waƙar ba tare da na tsaya ba. A nota ta ƙarshe akwai rabin da'ira da ɗigo a cikinta. Bugu nawa zan riƙe?

Baba_Badujala: Fermata ke nan. Mu a badujala sai hannun bandmasta ya sauka. Kai da kake kai kaɗai, ka ninka tsawon notar, bugu biyu ya zama huɗu, za ka zauna lafiya.

Ladi_Alto: Baba, a gafarce ni, ninkawar nan ba doka ba ce. A waƙoƙin coci da yawa fermata tana ƙarshen kowane layi, kuma a can wurin shan numfashi ce kawai, in aka ninka kowacce jama'a za su gaji kafin baiti na uku. Ta ƙarshen waƙa daban, ta tsakiya daban. Malam Garba, waƙar taka mai gudu ce ko mai nauyi, kuma akwai rit. kafin fermatar? Turo hoton layin ƙarshe mu gani.